Takardun Ƙosan Iya

Yanzu a baƙar leda ake sa ƙosai. Da safen nan jikata Hafsatu ta sayo mini na karin kumallo, na juye shi a faranti, na tsaya ina jujjuya ledar a hannu kamar mai neman wani abu a jikinta. Ba komai a jikinta sai maiƙo. Ita kuwa ta zauna gefen tabarmata da littafinsu na Hausa, wai in saurara ta yi mini karatun da aka ba su. Ta buɗe shafi, ta ɗaga kai ta kafa wa rufin ɗaki ido, ta zubo karatun tun daga farko har ƙarshe ba ta ko numfasa ba. Da ta gama ta ce, "Tsoho, na iya ko ban iya ba?" Na ce ta iya, don ba ni da ƙarfin gardama da safe. Amma ƙosan nan bai shiga ba. Na daɗe zaune, gwiwoyina suna ciwonsu na kullum, ina jin wata murya daban a kunnena, muryar wani yaro da shi ma haka yake zubo karatu, ana ce masa Ilu.

Gidanmu yana Kusfa, a ƙarshen wani lungu da jaki mai kaya ba ya iya juyawa a cikinsa. A lokacin ba agogo ke tashe mu ba. Da asuba ladan, bayansa ƙarar guga a bakin rijiya, sai luguden mata daga gida zuwa gida, wannan turmi ya kira wancan ya amsa. Idan rana ta ɗan ɗaga sai mabuga su fara bugun riguna, can nesa kuma jirgin ƙasa ya yi kuka ta wajen Sabon Gari. A ƙarƙashin duk wannan akwai wata ƙara da ba ta yankewa, ta yara a zaurukan allo. Yau in na kasa kunne da safe, injin janareta nake ji da babura, sai mai tallan magani da lasifika. Ban ce da can babu wahala ba. Kafin in tafi boko sai na je allo, na jawo ruwa na cika randuna, da yamma kuma in yanko wa awakin gidanmu ciyawa a gindin ganuwa. Amma komai yana da lokacinsa, kuma kowace ƙara ka san mai ita.

A allo, yadda ake karatu shi ne malam ya biya maka, kai kuma ka maimaita, kana bin baƙaƙe da tsinke, har ya zauna a ka. Haka aka yi wa iyayenmu, haka aka yi wa nasu iyayen, kuma ya dace da abin da ake so, tunda abin da ake so shi ne a tsare karatun a ƙirji kada ya salwanta. To, da aka kai mu elementare, sai muka tafi da wannan hali, malamanmu na farko ma da shi suka zo. Malam ya karanta layi, aji duka ya amsa da ƙarfi, ya sake, mu sake. Daga bakin hanya ana jin mu. Mai wucewa ya ce kai, yaran nan suna ƙoƙari. Littattafan a kabad ɗin aji ake kulle su, lokacin karatu a raba, a gama a tattara. A cikin na ajinmu na ƙarshe akwai labarin wani manomi da jakinsa da ya ƙi haye rafi, wanda muka rera har masu tallan da ke jiran mu a bakin ƙofa suka iya shi.

Ni ban cika buɗe baki a cikin amshin ba. Kunya gare ni ƙwarai, in malam ya kira sunana sai harshena ya yi nauyi, har yara suka sa mini Bebe. Amma idona yana kan takarda. Tun ina aji na biyu na gane yadda baƙi da wasali suke haɗuwa su ba da magana, daga nan duk rubutun da na gani sai na tsaya na bi shi, na jikin buhu ne ko na jikin gwangwani. Ilu kuwa kishiyata ne a komai. Ya girme mu, dogo ne, mai murya kamar ta sanƙira. Daga wani ƙauye aka kawo shi, lokacin da aka ce kowane dagaci ya ba da yara. An cire shi daga allo yana tsakiyar karatu, aka ajiye shi wajen kawunsa, wani magini a Ƙofar Jatau. Kunnen Ilu kuwa, ban sake ganin irinsa ba. Abu sau ɗaya za a faɗa a gabansa, ya ɗauke. Shi ne na gaba a karatu, shi ake tsayarwa in baƙo ya zo.

A shekararmu ta ƙarshe aka kawo mana sabon malami, Malam Yohanna, mutumin Wusasa, mai zuwa a kan keke da wandonsa a ɗaure da roba. Shi ba ya zama a kujera, zagaya benci yake yi hannuwansa a baya. Wata rana Ilu yana tsaye yana zuba labarin jaki, sai Malam ya tsaya a bayansa ya leƙa. Muryar Ilu tana gudu ba tuntuɓe, amma tsinkensa daga dama yake tafiya zuwa hagu, yadda ake yi a allo. Malam ya bari sai da ya gama. Sannan ya ɗora yatsa a tsakiyar shafin ya ce, "Fara mini daga nan." Leɓɓan Ilu suka shiga motsi da sauri. Daga farkon labarin ya faro a ransa, yana lalube ya iso inda yake zaton yatsan yake. Malam ya je allon bango ya rubuta kalma guda da alli, ya ce, "Wannan fa?" Rafi ne ya rubuta, rafin da Ilu ya haye da baki ba adadi. Ilu ya dubi allon kamar mai duban bangon da ba ƙofa. Wani daga baya ya ce, "Ashe garmaho ne, faifai kawai yake juyawa!" Aji ya fashe da dariya. Malam ya juyo ya ce, "Mai dariya ya taso ya karanta mini na gaba." Ba wanda ya tashi, don rabin masu dariyar jirgi ɗaya ya ɗauko su.

Da aka tashi Malam ya tsayar da mu biyu. Ya faɗa wa Ilu gaskiya ba ɓoye-ɓoye: ƙarshen shekara mai duba makarantu zai zo ya gwada kowa, wanda ya ci ya wuce midil, wanda ya faɗi a sallame shi, shi kuwa Ilu ya girmi a ce ya maimaita aji. Ilu ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, in aka kore ni ina zan nufa? Sa'o'ina a ƙauye sun sauke, ni ban sauke ba. Hannuna ya manta fartanya. Babana cewa zai yi an karɓe masa ɗa an dawo masa da fanko." Malam ya ce, "Shi ya sa ba za mu zauna ba." Sai ya nuna ni. "Ga malaminka."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Malam, ni ban iya magana ba."

Ya ce, "Don haka na zaɓe ka. Wannan yaron, kunnensa ne ya cuce shi. Duk wanda na haɗa shi da shi, tausayi zai sa ya biya masa, shi kuma ya cafke, an koma gidan jiya. Kai za ka iya gaya masa sunan baƙi ɗaya in ya manta, ka zana masa a ƙasa. Amma kalma, ko guda kada ta fito daga bakinka. In ya yi daidai ka gyaɗa kai, in ya kuskure ka girgiza. Littafin aji kuwa ba zai sake taɓa shi ba, tunda yana cikinsa duka. Ku nemo abin da ba wanda ya taɓa karanta masa."

A birni a lokacin, ina yaro zai samu rubutun boko da ba na makaranta ba? Ashe yana ƙofar gidanmu. Kakata, wadda muke kira Iya, tana tuyar ƙosai a bakin zaure safe da yamma. Da can a ganye take ƙunshewa, sai wani maƙwabcinmu mai aikin lebura a gidan ɗab'i a Tudun Wada ya riƙa kawo mata takardun jarida da suka ɓaci wajen bugu. Takan yayyaga su daidai tafin hannu ta tara a kwando. Ranar da na je na durƙusa ina tsintar su, ta daka mini tsawa irin ta wasa: "Kai angon nan nawa, ba ka kawo cefane ba, kuma ka zo kwashe mini jari?" Na yi mata bayani a taƙaice. Ta dubi Ilu tun daga sama har ƙasa ta ce, "Wannan zangarniyar ce ba ta iya karatu ba? Kuma wannan da ba ya iya gaishe da baƙo shi ne malamin? To, Allah ya kyauta. Ku ɗauka, amma ku dawo mini da su, ƙosai ba ya tafiya tsirara."

Haka muka fara. Bayan la'asar mu ɗauki lauje da buhu mu nufi gindin ganuwa, inda wani tsohon rimi yake. Ilu ya yanke mini ciyawar awaki cikin ɗan lokaci, don ya fi ni ƙarfi nesa, sannan mu zauna. In shimfiɗa 'yar takarda a kan gwiwarsa, in kama hannunsa in kai tsinken gefen hagu. Kwanakin farko azaba ce. Ya kan tsaya a kan kalma ɗaya har inuwar rimin ta matsa, gumi yana tsattsafo masa. Ya yi ta cinka, ya faɗi abin da ya ga dama yana satar kallon fuskata. Ni kuwa sai girgiza kai. "Ka faɗa mini mana! Sau ɗaya tak, don girman Allah!" In girgiza kai. "Wallahi Bebe, kai mugu ne. Ko malamin allo da bulala ya fi ka imani, shi aƙalla yana biyawa." Wata rana ya dunƙule takardar ya jefar, ya tashi ya tafi har ya kusa shan kwana, sannan ya dawo ya tsince ta ya warware, don ya tuna Iya za ta tambaya. Ni ma ba daɗi nake ji ba. Kalmar tana bakina, nauyinta kamar dutse, ina ganin yadda faɗinta zai sauƙaƙa mana duka. Sai in cije leɓe in zana masa baƙin a ƙasa.

Iya takan leƙo mu in mun zauna a zaure ranar ruwa. Ta saurara ta saurara, ba ta jin komai sai gurnanin Ilu. Ta ce, "Ni dai tun da nake ban taɓa ganin makarantar da ɗalibi ke magana malam ya yi gum ba. Wannan karatun kurame ne?" Amma ta daina cewa mu dawo da takardun, har ta riƙa ware mana waɗanda mai bai taɓa ba.

Ba zan iya cewa ga ranar da abin ya buɗe ba, don a hankali ya zo, kamar yadda gari ke wayewa. Amma akwai yammacin da ba na mantawa. Takardar ranar 'yar ƙarama ce, an yage ta a karkace. Ilu ya bi ta gaɓa-gaɓa, yana haɗawa yana warwarewa, har ya fitar da cewa mutanen wani gari sun tashi da safe sun ga kura a bakin. Nan takardar ta ƙare. Ya juya bayanta, wani zance ne daban. Ya dube ni ya ce, "A bakin me?" Na ɗaga kafaɗa. Ya ce, "Kai, kar ka yi mini wannan, yanzu ba biyawa na ce ka yi ba. A bakin me aka gan ta? Rijiya? Kasuwa?" Na ce, "Ban sani ba, Ilu. Ni ma iyakar abin da na gani ke nan." Ya tashi a guje, ko buhun ciyawar bai ɗauka ba. Na iske shi durƙushe gaban kwandon Iya yana ɗaga takardu ɗaya bayan ɗaya yana karanta bakin kowacce, ita kuwa tana dukansa da marfin kwano tana cewa, "Wata ƙila kurar taka tana cikin wani yanzu, an ci ƙosai da ita!" Bai samu ragowar ba. Amma a neman ya karanta abin da ya fi na mako guda, ba wanda ya sa shi.

Da lokacin gwaji ya matso, Ilu yana iya karanta duk abin da aka miƙa masa, sai dai a hankali, kamar mai tafiya a kan tsakuwa ba takalmi. Muka ji labari daga wata makaranta cewa mai dubawar littafin aji yake buɗewa, ya ce a karanta. Jajibirin ranar, a gindin rimi, na yi doguwar maganar da ban saba ba. Na ce, "Gobe in ya buɗe littafin, ka zuba kawai yadda ka saba. Ka sa tsinken a hagu, ka bar bakinka ya yi aikinsa. In ka wuce, sai mu ci gaba da namu." Ya yi dariya ya ce, "Yau Bebe ya yi huɗuba. Kar ka damu, jakin nan ko a barci aka tashe ni sai in kora shi."

Mai dubawar ya iso rana ta take, rigarsa ta jiƙe da gumi, ga alama ya gaji tun kafin ya zauna. Aka riƙa kiran mu ɗai-ɗai gaban tebur. Masu rerawa suka rera, yana gyaɗa kai, wani ma bai kai rabin shafi ba ya ce ya isa. Ni na karanta nawa murya ƙasa-ƙasa, ya ce in ɗaga, na ɗaga kaɗan, ya sallame ni. Aka kira Ilu. Aka miƙa masa littafin da rabonsa da shi tun ranar garmaho, a buɗe daidai labarin jaki. Na saki ajiyar zuciya. Ya ɗora tsinke a hagu, ya buɗe baki, sai na ga ya tsaya. Ya sunkuya ya matso da shafin. Sannan ya fara, gaɓa-gaɓa, yana tsayawa, yana komawa baya ya gyara, da 'yar muryar nan tasa ta gindin rimi. Yara suka fara kallon juna. Bai gama layi na uku ba mai dubawar ya ɗaga hannu. "Shekara nawa wannan ƙaton ya yi a makaranta yana wannan in'ina?"

Malam Yohanna ya matso ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan karantawa yake yi da gaske. A ba shi wata takarda daban, a ba sauran ma, a gani."

Mutumin ya share wuya da hankici ya ce, "Malam, akwai wata makarantar tana jirana kafin azahar. Wanda ya iya karatu ai ana ji. Na gaba."

Malam ya bi shi har wajen motarsa yana magana, daga baya ma ya yi ta zirga-zirga a kan kekensa kan maganar Ilu, ba abin da ya sauya. Ni na wuce midil tare da waɗansu da na san ba za su iya karanta sunan unguwarsu ba. Ilu aka sallame shi. Ranar da zai koma ƙauye ya biyo ta ƙofar gidanmu da ɗan ƙunshin kayansa a ka. Iya ce ta kira shi. Ta ɗebi ƙosai 'yan kaɗan, ta naɗe a takarda, ta ƙara wata, ta ƙara wata, har kwandon ya kusa ƙarewa, ƙunshin ya yi girman kan yaro. Ta miƙa masa ta ce, "Ungo, zangarniya. Hanya da nisa, kada ya huce."

Na yi aikin koyarwa har ƙarfina ya ƙare, na ga tsare-tsare sun zo sun wuce, kowanne da sabon littafinsa, amshin aji kuwa yana nan yadda na bar shi. Sau ɗaya na sake ganin Ilu, mu duka furfura ta fito. Na je ta'aziyya wani ƙauye, ranar kasuwarsu ce, sai na hangi mutane sun kewaye wani dogon dattijo a gindin mangwaro. Takardar malaman gona ce a hannunsa, ta yadda ake zuba takin zamani, yana bin ta da tsinke daga hagu, a hankali, su kuwa suna saurare. Muryar na fara ganewa. Da ya ɗago ya gan ni ya ce, "La ilaha illallahu, Bebe! Har yanzu ba ka koyi sallama ba?" Ya ja ni gidansa. A can ya ba ni labari: da aka sallame shi ya koma gona, ya sha wuya kafin hannunsa ya faɗa, babansa ya daɗe bai sake masa fuska ba, saukar da bai yi ba kuwa har lokacin tana ci masa rai. Sai da muka ci tuwo na yi tambayar da na daɗe da ita. Na ce, "Ilu, me ya hana ka zubawa ranar nan? Da ka wuce."

Ya ce, "Wallahi da niyyar zubawa na tashi. Ina buɗe baki sai idona ya faɗa kan jakin nan. Wata da watanni ina kiran sunansa, ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Ga shi a kwance a kan takarda, ga rafin, ga mai shi. To, ka ce in wuce su a guje ban ko gaishe su ba?" Ya yi dariya har da tari. Can ya ce, "Kurar nan fa, ka taɓa jin a bakin me aka gan ta?" Na ce ban ji ba. Ya ce shi ma.

An gaya mini ya rasu da daɗewa. Rimin ya faɗi, ganuwar ta wajen ta zama gidaje, ni kuma ban san ko ina da sauran ƙarfin irin wancan zama ba. Amma da Hafsatu ta tashi za ta tafi, na ce ta ɗaga katifata ta ɗauko tsohuwar jaridar da ke ƙasa. Na yagi daidai tafin hannu, na zaro tsinke daga tsintsiya, na shimfiɗa mata a gwiwa. Ta duba, ta sake dubawa, ta ɗago kai.

"Tsoho, ai ba a biya mana wannan ba. Fara faɗa mini."

Na kama hannunta na kai tsinken gefen hagu. Na girgiza kai.